Taku Biyu Daga Gindin Bango

Duk soron ƙasa da ya tsaya kyam tsakanin Sabuwa da Faskari, in baƙo ya tsaya kallonsa tambaya ɗaya yake yi: wane magini ne ya yi wannan? Har yau ba a ji wanda ya tambayi wa ya jefa tubalin ba, sai ka ce tubali fiffike gare shi, da kansa yake tashi ya sauka a hannun magini. Abin da haushi, amma haka duniya ta saba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. To, yau dai labarin kura za a ji. Sunansa Muttaka, kuma shekara talatin da huɗu ya yi a gindin bango yana jefa wa wani magini, Baba Mani, tubali.

Wanda ya tashi cikin gidan bulo ba zai san wannan aiki ba. Maginin ƙasa in ya hau bango zama yake yi a kai, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kuma ba ya saukowa sai salla ko abinci. Komai daga ƙasa ake jefa masa, tubalin da ya bushe a rana da curin ɗanyar ƙasar da zai liƙe shi da ita. Shi nasa ya cafe, ya dasa, ya shafe da tafin hannu, ya ja baya kaɗan. In majefi ya iya, gini ya yi ta tafiya lafiya lau. In bai iya ba, magini ya wuni yana zagi.

Muttaka ɗan wani ƙauye ne a dajin Sabuwa. Yana da shekara ashirin da biyu, ƙarfi na cinsa, aka kai shi wurin Baba Mani a wani rani da babu aikin gona. Tubalin farko da ya ɗauka ya zuba masa ƙarfin nan duka, don a san an samu namiji. Tubali ya wuce hannu ya sami Baba Mani a leɓe. Maginin ya tofar da jini, ya duba ƙasa, bai ko ɗaga murya ba.

Ya ce, "Kai, ba hwaɗa muke ba. Tubali ba jifa ake da shi ba, aike ake. Ka bari ya gama hawa, ya gaji, sannan ya iske hannuna."

Wannan magana ita ce makarantar Muttaka gaba ɗaya, kuma sai da ya yi rani biyu kafin ya sauke ta. In ƙarfi ya yi yawa, tubali ya wuce magini ya dawo masa ta ka. In ya yi kaɗan, ya daki bango ya farfashe, a yi asarar aikin mai kwaɓi. Akwai wani ɗan wuri a sama inda tubali yake gama hawa bai kuma fara faɗowa ba, a nan ake so hannun magini ya kasance. Maginan yankin suna ce wa wannan tubali ya mutu a hannu. Muttaka ya gano wurin tsayuwarsa, taku huɗu daga gindin bango, ya kuma samo kiransa. Yana sakin tubali zai ce, "Hannu." Baba Mani ba ya amsawa, sai dai ka ji tab, tubali ya shiga hannu.

Haka suka yi ta yi. Sun gina zauruka a Faskari, sun gina rumbuna da masallatan unguwa a ƙauyukan da wasunsu yanzu ciyawa ce ta cinye su. A tsakanin nan Muttaka ya auri Bilki, aka haifi Najiba da ƙannenta. Najiba tun tana 'yar ƙarama in ta kawo wa ubanta fura sai ta tsuguna ta ja layi da kara a inda yake tsayawa, ta ce nan ne gidan Baba. Muttaka da Baba Mani kuwa ba su da wata hira mai tsawo. Ana iya wuni ba a ji komai tsakaninsu ba sai "Hannu" da tab, amma da ka ga ɗaya a kasuwa ka waiga, ɗayan yana kusa.

Da 'yan bindiga suka hana noma suka hana barci, ƙauyen ya watse. Gidajen biyu suka kwaso abin da ya kwasu suka zo Kankara, suka kama haya a unguwa ɗaya. A gari kuwa kowa bulo da siminti yake so. Aikin ƙasa ya koma katanga da ɗakin awaki da ɗan rumbu, sai jefi-jefi wani dattijo da ya san sanyin soro ya aiko.

A irin wannan aiki ne, a Pauwa, shekara uku da suka wuce, Muttaka ya ce "Hannu," bai ji tab ba. Tubalin ya sami Baba Mani a ƙirji. Ya sake jefa wani, ya sa ido sosai, sai ya ga hannun maginin yana lalube ta gefen da tubalin ba ya nan. Suka ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Bayan mako guda tsohon ya ce zai je ta'aziyya Katsina, ya dawo da wata 'yar kwalbar ɗigawa a ido yana ɓoyonta cikin hula. Da ta ƙare ya yar, Muttaka ya tsince ta ya kai wa mai kemis a wata unguwa. Aka ce masa ta hawan jinin ido ce, tana tsare abin da ya rage, amma abin da ya tafi ya tafi.

Muttaka ya san abin da zai biyo baya in maganar ta fita. Ba mai sake barin Baba Mani ya taka tsani. 'Ya'yansa za su shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, masu wucewa su riƙa cewa sannu Baba da muryar da ake yi wa majinyaci. Shi kuwa tsohon ya sha faɗa cewa maginin da ya sauko da ƙafarsa ya yi murabus, wanda aka sauko da shi kuwa an binne shi da rai. Don haka washegari Muttaka ya bar gidansa na taku huɗu ya matso taku biyu. Ya riƙa saka tubali a wuri ɗaya tak, gaban cibiyar magini, yadda tsohon ba ya bukatar ya ga komai, kiran kawai zai ji ya buɗe hannu. A hanya kuma sai ya riƙa shiga gaba da farar hula, Baba Mani na bin farin. Dasa tubali kuwa da ma ba ido ke yinsa ba, tafin hannu ne.

Bana Muttaka ya sami fili a bayan gari, can inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Baba Mani ya sa aka kai shi, ya zaga filin da ƙafa, ya durƙusa ya murza ƙasar a yatsu.

Ya ce, "Na yi wa masu gari gini, na yi wa 'yan kasuwa, ban taɓa aza maka ko murhu ba. Zauren ga ni za ni gina shi, dogo, wanda raƙumi zai shiga bai duƙa ba. In na gama shi na gama."

Maƙwabcin filin wani mai buga bulo ne, Nasir, mutum mai kirki da bakin da ba ya gajiya. Kullum sai ya leƙo ya ce a wannan zamani ana gina zaure da ƙasa, ko gidan tarihi za a buɗe? Muttaka ya yi dariya ya ci gaba da kwaɓi. Abin da ke ransa shi ne bangon nan ya kai inda za a aza azara kafin ruwan farko, Baba Mani kuma ya sauko da ƙafarsa ba wanda ya gane komai.

Najiba yanzu malamar Fiziks ce a wata makarantar 'yan mata a garin, tana gidan mijinta. Wata Asabar da hantsi ta kawo musu fura, ta zauna gindin bishiyar bedi da tarin takardun ɗalibanta, tana dubawa tana tsaki. Muttaka ya zo shan fura. Shi ba ya faɗin sunanta, 'yar fari ce, Malama yake ce mata, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Malama, mi takardun ga suka yi miki?"

"Baba, tambaya ɗaya ce ta kashe su duka. An jefa abu sama a karkace, an ce su faɗi gudunsa in ya kai ƙololuwa. Su arba'in da biyu, talatin da tara sun rubuta sifili. Wai ya tsaya."

Muttaka ya sauke ludayi. "In ya tsaya, ƙaƙa za ya iso hannun maigida? Sai ya hwaɗo mini a ka. Hawa ce ta mutu, tahiya ba ta mutu ba."

Najiba ta dube shi. Mako uku tana wannan bayani da alli har muryarta ta dishe, ga wanda bai taɓa zama a aji ba ya faɗe shi a numfashi ɗaya. Ta tashi ta aro tef ɗin awo wurin Nasir, ta ce yau sai ta lissafa jifansa ta kai wa yaran. Muttaka ya ce ido ba mudu ba ya san kima, amma ya tsaya mata ta auna.

Daga inda yake sakin tubali zuwa hannun Baba Mani, mita ɗaya da ɗigo takwas a tsaye. Daga ƙafarsa zuwa bango, mita ɗaya da rabi. Ta juya bayan wata takarda ta shiga rubutu tana faɗa masa a hankali. Gudun tubali kashi biyu ne a haɗe, in ji ta, na hawa da na gaba. Ƙasa tana jan na hawan, tana rage masa kamar mita goma a kowane sakan, har ya ƙare. Don ya ƙare daidai hannun magini, dole ya tashi da gudun mita shida a sakan, kuma tafiyar duka ba ta wuce sakan ɗaya ba, kashi shida ne cikin goma na sakan. Na gaba kuwa ba mai taɓa shi, yadda ya bar hannu haka zai isa. Tunda mita ɗaya da rabi zai ci a wannan ɗan lokaci, gudunsa mita biyu da rabi ne. In an haɗa su biyun, tubalin yana barin hannun Muttaka da gudun mita shida da rabi, a kusurwar digiri sittin da bakwai.

Muttaka ya ce, "Ashe duk wanga abu nike yi ban sani ba. Da na sani da na ƙara kuɗin aiki."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta dubi ƙafarsa, ta dubi bango.

"Baba, da ba nan ne gidanka ba. Taku huɗu kake tsayawa, ni nake ja maka layi."

"Tsuhwa ne."

"Ba tsufa ba ne." Ta sake duƙawa kan takardar. "In kana taku huɗu, mita uku ke nan, tubali zai isa da gudun gaba na mita biyar. Yanzu rabin haka ne. Ka rage masa ƙarfin duka. Kuma ka tsaya inda duk abin da ya kuɓuce a kanka zai sauka."

Muttaka ya koma bakin aiki. Najiba ta zauna tana kallo, amma yanzu ba tubali take kallo ba, fuskar Baba Mani take kallo. Duk maginin da ta taɓa gani idonsa na bin tubali tun daga ƙasa. Shi kuwa fuskarsa na kallon gonaki, kunnensa ne a karkace wajen mahaifinta. Ta ga tubali ashirin sun sauka a wuri ɗaya. Idonta ya cika, ta sunkuyar da kai kan takardu kamar mai dubawa.

Da aka tashi sallar azahar ta tare mahaifinta a bayan tarin tubali. "Tun yaushe?"

"Shekara uku. Kada ki hwaɗa wa kowa, ko uwarki."

"In ya faɗo fa, Baba?"

"Zaune shike, kuma ya hi ni sanin bangon nan. Ki bar shi ya gama wanga, shi ke nan."

Ta koma kan takardunta, ba don ta yarda ba.

Kwana goma bayan nan bango ya yi tsawon da Baba Mani ke so, saura ɗori biyu, hadari kuma ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Nan ne abin ya fara ƙin Muttaka. Kafaɗar ɗan shekara hamsin da shida ba ta ashirin da biyu ba ce. In ya ƙara ƙarfi don tubali ya kai, sai saiti ya kauce. Tafiyar kuma ta ƙara tsawo, hannun Baba Mani da ya saba da wancan lokaci sai ya rufe kafin tubali ya iso. Ran Laraba wani tubali ya daki yatsun tsohon, ya dawo ya sami Muttaka a kafaɗa. Nasir ya rugo yana sannu. Muttaka ya ce shi ne ya yi jifan banza, aka tashi daga aiki da wuri.

Da la'asar Najiba ta same shi a gida Bilki na gasa masa kafaɗa. Ta jira uwar ta fita, ta fito da takardarta.

"Yanzu tsawon ya kai mita uku da ɗigo biyu. Tubali yana son gudun hawa na mita takwas, ba shida ba, kuma yana ƙara jimawa a sama. Ba za ka iya saita wannan sau ɗari biyu ba, shi ma ba zai iya canja hannunsa a kwana biyu ba. Abu ɗaya ne. Bango ya hau, kai ma ka hau. A ja amalanke kan tudun ƙasar da ke gindin bangon ka tsaya a kai, tsawon ya koma yadda kuka saba. Jifanka na kullum za ka yi."

Muttaka ya gane maganar tun kafin ta rufe baki, kuma ya ji ta ɗaci. A sana'arsu majefin da ya taka wani abu don ya kai, ya gama yawo. Ko turmi ka taka sai an yi shekara ana ba da labarinka. Shi da ake cewa bai taɓa neman tudu ba, ko a ginin masallaci. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, ba gona, ba shanu, sai wannan ɗan suna, wanda ko da ma ba kowa ya san da shi ba.

Ya ce, "Za a ce na tsuhwa."

"Za a ce."

Ya juya kafaɗar a hankali, ya ji inda take ciwo. In an ce Muttaka ya tsufa, ba wanda zai kalli idon Baba Mani. Ya ce ta aika a aro amalanken.

Ran Alhamis da safe aka ja amalanke kan tudu, aka danne ƙafafunsa da duwatsu, aka jera tubali a kai. Muttaka ya hau. Kafin rana ta ɗaga an taru, don labari irin wannan ba ya bukatar mai shela. Masu zuwa gona suka tsaya da fartanya a kafaɗa. Nasir ya ce a kawo wa Muttaka kujera da laima ma, tunda sarauta aka naɗa shi. Wani ya ce gobe sai a samo masa jirgin sama. Aka yi ta dariya, ba da mugunta ba, amma dariyar tana shiga. Kunnuwan Muttaka suka yi zafi. Ya ɗauki tubali, ya duba gaban cibiyar maginin, ya saki.

"Hannu."

Tab.

Daga nan bai sake jin kowa ba. Wunin nan da safiyar washegari suka yi a haka, ko ɗaya bai kuɓuce ba. Ran Juma'a da hantsi, Najiba na tsaye gindin bedi, Baba Mani ya dasa tubalin ƙarshe a kusurwa, ya liƙe shi, ya shafe da tafin hannu sau uku. Ya gyara zama a kan bangonsa. A ƙasa Nasir yana cewa to, Muttaka sai a sauko daga karaga, a taimaka masa, tsoho ne, kada ya karye.

Baba Mani ya yi gyaran murya.

"Nasir, ku ƙyale shi haka nan. Yau shekara uku rabona da ganin tubali. Ko ku da kuke tsaye, muryoyinku nike ji. Duk bangon da na gina tun daga Pauwa, wanga mutum ne ya gan shi, ni aza shi kawai na yi. Ba don ƙarhinai ya ƙare ya hau amalanke ba, don ni ya hau."

Nasir ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa ido. Muttaka ya ji haushi da farko, haushi na gaske, shekara uku yana rufe abu mai shi ya buɗe da bakinsa. Sai haushin ya narke.

Mutum biyu suka nufi tsani za su hau su riƙo tsohon. Ya ji motsinsu ya ce kada kowa ya taɓa. Ya lalubo kan tsanin da ƙafa, ya juyo, ya sauko mataki-mataki, har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Ya tsaya ya kakkaɓe rigarsa.

Muttaka ya diro daga amalanke ya zo kusa. "Maigida, da ka yi shiru. Ai an gama."

"Tun a Pauwa na ji muryarka ta matso ƙarƙashin ƙahwata. Kana tsammanin kurma ne ni kuma?"

Muttaka ya gyara farar hularsa zai shiga gaba kamar kullum, don lokacin masallaci ya gabato. Baba Mani bai bi shi ba. Ya tsaya a gindin bangon, a gaban mutane, ya miƙo tafinsa da ƙasa ta bushe a kai.

Ya ce, "Hannu."

Muttaka ya dawo ya ba shi.